Ɗaya Cikin Goma: Masu Baiko Kala-Kala

A Batsari da Safana Kiristoci ba su da yawa, majami'unsu ma ƙanana ne: ga manoma 'yan ƙasa, ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aiki ya kawo, ga 'yan sanda, ga masu shagon magani da na kayan babur. Abin yana da tarihi a wannan shiyya, tun da 'yan mishan na SIM suka karɓi asibitin kutare na Babbar Ruga, a kan hanyar Katsina zuwa Batsari, a ƙarshen shekarun 1930, kafin ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Ƙaramar ikilisiya kuwa tana da abin da manyan cocin Legas ba su da shi: kowa ya san girman rumbun kowa. Shi ya sa a nan aka fi gane cewa gardamar da ake yi a kan zakka, ko dole ce ko ganin dama, ba ta cika zama gardamar ayoyi ba. Mutum yakan fara duba aljihunsa ne, sannan ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya nemo ayar da ta yi daidai da shi.

Na farko a layi shi ne Malam Lissafi. Shi bai taɓa musun zakka ba, ya yarda Ibrahim ya ba Malkisadik ɗaya cikin goma, ya yarda Littafin Firistoci ya ce ushirin amfanin ƙasa na Ubangiji ne. Tambayarsa ɗaya ce: goman mene ne? Idan ya ɗaure dami hamsin na gero, sai ya ɗauko biro ya cire kuɗin taki, ya cire na shanun huɗa, da na 'yan ƙwadago, da maganin feshi, da man babur, da furar da aka sha ranar girbi. Kafin ya kai ƙasan takarda, ikilisiya ce ma ta ci bashinsa, sai dai ya yafe saboda zumunci. Ƙaninsa shi ne Mai Zaɓen Dami, wanda yake fidda ɗaya cikin goma cif, amma sai ya zagaya ya samo damin da gara ta fara ɗanɗanawa. In kaza ce, mai gyangyaɗi ce. In kuɗi ne, takardar ɗari biyu ce da mai shayi ya ƙi karɓa sau uku, an ɗaure ta da salatif. Annabi Malakai, wanda ake yawan kafa hujja da sura ta uku ta littafinsa, tun a sura ta farko ya yi faɗa da masu kawo gurguwar dabba da makauniya, amma wannan shafin kullum a manne yake a littafin mutuminmu. Su biyun da sun leƙa gonar maƙwabcinsu Musulmi, da sun ga dattijo yana ƙirga dami tara ya ware na goma tun a gona, don shi ma ushiri ne a kansa a noman damina, rabinsa a noman rani.

Sai Sarkin Shela, wanda ranarsa ita ce ranar godiyar kaka. Yakan bari sai Zumuntar Mata sun ɗauki waƙa, ganga ta yi zafi, sannan ya taso daga kujerar baya da takardar dubu ɗaya a ɗage sama, yana rawa a hankali don kada wani ya ce bai gani ba. Idan aka zo gwanjon kayan godiya, shi ne mai taya kabewa dubu goma, ya ce a rubuta. Idan za a sake kwanon rufi, shi ne mai miƙewa ya ce, "Baba Fasto, bandir biyu a wuyana." Ana tafi, ma'aji yana rubutawa, damina biyu ta wuce ana tara ruwa da bokiti a gaban bagade. Alkawari kaya ne, amma shi nasa a littafin ma'aji yake sauke shi. Labarin Hananiya da Safiratu, waɗanda suka ɓoye wani abu daga kuɗin gona suka nuna kamar duka ne, ba ya cikin labaran da yake so a karanta. Kusa da shi akwai Ɗan Adashe, wanda ya ji wa'azin shuka iri a waya, ya ɗauka baiko zubi ne, kwasa tana tafe. Ya zuba wata uku, bai ga babur ba, sai ya fara tambaya ko akwai wata majami'a a Dutsin-Ma da addu'arta ta fi sauri.

Wanda ya fi su daɗin baki shi ne Malamin Alheri. Ya san zakka dokar Lawiyawa ce, ya san Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa kowa ya bayar yadda ya ƙudurta a zuciyarsa ba da tilas ba, ya san cocin Katolika ba ta yanka wa mabiyanta ɗaya cikin goma. Yana da labarin ce-ce-ku-cen da Daddy Freeze ya tayar kan zakka a 2017, yana kuma tuna wa kowa cewa a 2024 Fasto Adeboye da kansa ya nemi gafara kan cewar da ya yi marar biyan zakka ba zai shiga sama ba. Duk wannan gaskiya ne, ba mai ƙaryata shi. Matsalar ita ce zuciyar tasa, da aka bar mata zaɓi, shekara da shekaru ba ta ƙudurta komai ba. Idan jakar baiko ta zo gabansa, hannu yakan shiga a dunƙule ya fito a buɗe, jakar kuma nauyinta bai canja ba. Sashen wasiƙar da yake jingina da shi an rubuta shi ne don tara gudummawa ga matalautan Urushalima, kuma a cikinsa aka yabi Makidoniyawa da suka bayar fiye da ƙarfinsu suna cikin talauci.

Za a ce wannan ba'a ta yi wa talaka tsauri, kuma maganar tana da nauyi. Mutumin Ruma ko Wagini ko Runka da ke gefen dajin Rugu ya ga shekarun da gona ta gagara zuwa, wasu sai da suka biya 'yan bindiga haraji kafin su girbe abin da suka shuka, wasu sun sayar da shanun huɗa sun biya kuɗin fansa. Wanda aka yi wa haka, ba mai hankalin da zai tsare shi da ɗaya cikin goma. To amma duba jerin nan da kyau, babu shi a ciki. Shi da gwauruwar da ke kawo tiyar gero a ƙullin zane, su ne suka fi kowa fidda hakki, kamar mai anini biyu da Yesu ya yaba a Markus. Masu dogon lissafi galibi masu rumbu biyu ne. Kuma Maimaitawar Shari'a ta ce zakkar shekara ta uku a tara ta a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa, wato ɗan gudun hijira mai karɓa ne, ba wanda za a bi bashi ba.

Za a kuma ce laifin na masu karɓa ne, a nan ma akwai gaskiya, don jerin bai cika ba sai da Fasto Malakai. Shi ko daga jirgin Nuhu ya fara wa'azi, ko daga auren Kana, a Malakai sura ta uku zai sauka, da tagogin sama da maciyin amfanin gona. Yana da abokin tafiya, Dattijo Sai-Wani-Mako, wanda tun bara ake jiran rahoton kuɗi daga hannunsa. Sai dai adalci ne a tuna cewa faston ƙauye ba shi da jirgin sama. Albashinsa daga wannan jakar yake fitowa, yakan makara, shi ma da fartanyarsa yake ciyar da gida. Rowar masu ba da baiko ita ke sa shi nanata Malakai, nanatawar tana ƙara musu rowa, rashin rahoto kuma ya ba kowa uzuri.

Saboda haka ko an yanke hukunci yau cewa zakka dole ce, ko an ce ganin dama ce, babu ɗaya daga cikin mutanen nan da zai canja hali, don kowa ya riga ya tanadi ayarsa. Abin da zai taɓa su duka shi ne lissafi a fili: kowane ƙarshen wata ma'aji ya tashi ya faɗi abin da ya shigo, da abin da aka ba fasto, da wanda aka tura gunduma, da buhu nawa aka kai wa gwauraye da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, a rufe da jimillar alkawuran da ba a cika ba. Malam Lissafi zai ga inda geronsa ya tafi, Malamin Alheri zai rasa hujja, Fasto Malakai zai sami damar buɗe sauran littattafai sittin da biyar na Littafi Mai Tsarki. Sarkin Shela kaɗai za a yi wa uzuri, don ranar zazzaɓi zai kama shi tun Asabar da dare.