Gyaran Gangar Auzinawa

Tun da aka ce daga 14 ga Oktoban 2025 an daina kula da Windows 10, ƙanena ya hana ni sakat, sai da na kai kwamfutata Maradi aka ɗora mata Windows 11. Na dawo Sabon Maci ina taƙama, na zauna gindin dogon yaro zan duba imel, sai ta ce in shigar da kalmar sirri. Shekara bakwai kwamfutar ce ke riƙe min ita, ni ko harafin farko ban tuna ba.

Na gwada sunan uwargida, na gwada na amarya, duk ta ƙi. Na danna wurin masu mantuwa, aka ce an tura lambobi shida zuwa layina. Wane layi? Wanda ya faɗa rijiya tun bara waccan!

"Yaya, ba ka rubuta ta wani wuri ba?" in ji ƙanena.

Na rubuta mana, na kuma adana ta inda ɓarawo ba zai kai ba: cikin imel ɗin.

Yanzu mai saƙona direban motar Dakoro yake ba. Shi dai fuskata kawai yake dubawa.