Sa Masa Giya Biyu

Gwiwata na ta zugi har yanzu, don haka bari in ba ku labarin tun da zafinsa.

Ina kai wa mutane abinci a Mancesta ta ƙasar Ingila, a kan ɗan sukuta mai cc 125. Da sanyin Disamba ya kai mini karo, sai na sayi rigar sanyi mai aiki da lantarki, haɗe da safar hannu irinta. Wayoyi ne siri-siri a cikin yadin, ka jona su da batirin mashin, ɗumi ya ratsa ka. Soket ɗin da ke kwankwasona yana yawan zarewa, sai na naɗe shi da salatif tamau. Ku riƙe salatif ɗin nan a ranku.

Rigar tana shan wat 80, safar hannu wat 30. Fitilar gaba, wadda ba ta mutuwa ko da rana, tana shan 35. Shi kuwa kwayil ɗin ƙaramin mashin, in ya yi ƙoƙari ya ba da wat 100 da 'yan kai, shi ma sai ana gudu. A silo kuwa sai abin da hali ya yi. Duk giɓin da ya rage, batir ne ke biya daga aljihunsa, ɗan mitsitsin batir mai bolt 12 da bai fi sandar sabulu girma ba. Ni dai ina sama ina jin daɗi, har ina tausaya wa masu tafiya a ƙasa.

A titin Wilmslow, unguwar Rusholme mai gidajen abinci reras, danja ta tsayar da ni. Fitilata ta yi ja-ja, ta lumshe. Injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Daidai nan danja ta ba da hannu.

Na danna sitata. Ƙyas. Na sake dannawa. Ƙyas. Na laluba kik da ƙafa, na tuna irin wannan mashin ba a yi masa kik ba. A bayana bas ce mai hawa biyu, cike maƙil. Direban ya danna hon. Na ce to bari in diro in ja mashin gefe cikin mutunci.

Na diro da ƙafar hagu, na yi taku ɗaya. A taku na biyu salatif ya nuna amanarsa. Waya ta miƙe, ta fizgo kwankwasona, ni kuma na fizgo mashin. Ban san mashin na iya faɗuwa a hankali haka ba. Ya karkato yana dubana, ina dubansa. Na miƙa hannu in tare shi, wayar safa da ta bi ta hannun riga ta ce ba inda za ka. Gwiwa ta fara sauka, sai kafaɗa, sai hular kwano ta ce ƙwal. Can sai akwatin baya ya buɗe, shinkafar wani bawan Allah ta yi tsiri a kan kwalta. Ga ni kwance ɗaure da mashin kamar ragon layya a turke, mutanen hawa na biyu sun manna fuska a gilashi. Wata yarinya har ɗago mini hannu ta yi. Abin takaicin, shinkafar ce kawai ke tururi, rigar ta riga ta huce.

Ana cikin haka sai na ji Hausa raɗau: "Subhanallahi! Yaro, kai ne?" Wani dattijo ne da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Bai ɗaga ni ba. Ya ajiye ledarsa, ya zagaya mashin, hannu a baya.

"Sa masa giya biyu mu tura."

"Baba, ba shi da giya."

"Babur ba giya? Tun zamanin Basfa nake hawa, yaro. Riƙe kuloci."

"Baba, ba shi da kuloci na hannu. Bel ne, sai injin ya juya yake kama taya. Ko Kano muka tura shi ba zai tashi ba."

"To mai ne bai gangaro ba. Karkata shi."

"Baba, ai a kwance yake."

Ya gyaɗa kai, alamar ko wannan na yi daidai. "Saura fulogi. Ciro shi ka hura." Direban bas ya sauko da almakashi daga akwatin taimakon gaggawa, ya yanke salatif. Baba ya ce masa da Hausa, "Ai ba nan matsalar take ba."

Duk da haka sai da muka tura. Baba ya rantse sai an gwada, ni a kai, shi a baya yana "Saki! Saki!" alhali babu abin saki. Da numfashinsa ya ƙare, ya dafa rigar, ya murza yadin, ya tambayi kuɗinta. Na faɗa. Ya yi salati.

"Mu jarida muke cusawa a ƙirji lokacin hunturu. Ba ta taɓa kashe wa kowa batir ba."

Mai shinkafa dai tauraro ɗaya ya ba ni.