Masu Ƙawata Ɗaki, daga New Bell zuwa Bonapriso

A Douala, tsakanin unguwar Hausawa ta New Bell da Bonapriso ɗan babur ba ya daɗewa, amma a harkar ƙawata ɗaki kowa da mazhabarsa.

Gwaggo mai jere ce limamiyar 'yan baiwa. Ba ta taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Ranar jeren amarya za ta tsaya a bakin ƙofa, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "Ku matsa da gadon nan taku biyu." A matsa, ya zauna daram. Ka tambaye ta dalili, ta ce haka ake yi. Matsalarta guda ce: ba ta yarda da fili ba. Duk inda ta hango bango tsirara sai ta jingina masa kabad, ta cika shi da kuloli da tangaran, har ango ya koma shiga ɗakinsa a kaikaice.

Kishiyarta ita ce 'yar makaranta mai takardar shaida, wadda ke yi wa manyan Bonapriso aiki. Da kwamfuta take zuwa. Ta kwashe rabin kayan falo, ta shafa farin fenti, ta ajiye tukunyar fure ɗaya daga Marché des Fleurs, sannan ta miƙo takardar kuɗi da Faransanci. Surukar gidan ta leƙo daga New Bell, ta tafa hannu: "Innalillahi! Yaushe ɓarayi suka shigo?"

Sai ɗan waya, wanda ya sauke karatunsa a YouTube cikin dare ɗaya. Shi ne mai manna takardar bango a garin da ruwan Agusta ba ya ɗaukewa. Kafin Oktoba takardar ta saki bango, tana reto kamar shanya.

Hajiya 'yar Dubai kuwa ba ruwanta da baiwa, ba ruwanta da boko. In dai abu na ƙyalli, ya yi.

Ni dai kuri'ata tana wurin tsohon kafinta, wanda babu mai kiransa gwani. Shekara da shekaru yana ganin yadda danshin Douala ke kumbura katakon garin-zarto, shi ya sa yake ɗaga ƙafar kabad daga ƙasa, ya bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bango don iska. Gwaggo ta ce ya ɓata mata jere, 'yar makaranta ta ce ba haka ta zana ba. Ya zare fensir daga bayan kunne ya ce, "To, Gwaggo, a manna. Amma in damina ta shigo, kuɗin gyara daban ne."