Ciyawar da Ake Saya da Kuɗi

A Ingila da Amurka akwai mutanen da ke zaro kuɗi daga aljihu su sayi ciyawa a tukunya, su kai gida su dasa, kullum safiya su fito suna leƙa ta. Ba a miya da ita, ba a ba akuya. Kallo kawai.

Sunanta Acorus gramineus, nau'in da ake kira Ogon, asalinta daga Japan da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Masana tsirrai sun ce wai ba ma ciyawa ba ce, kama ce kawai. To, su suka sani. Tsayinta bai cika wuce santimita 30 ba, ganyenta siriri ne mai ratsin ruwan gwal da kore, in ka murza shi da yatsu sai ƙamshi ya tashi.

Ga ta 'yar gata. Inda sauran furanni ke ruɓewa, bakin kududdufi ko inda ruwan indararo ke kwanciya, nan take so. Amma bari ƙasa ta bushe, sai bakin ganyen ya ƙone, gimbiya ta yi fushi. Tsananin rana ma ba ta so, sai an sama mata 'yar inuwa. Yaɗuwa kuwa a hankali take yi, saiwar na rarrafe cikin laka. Bayan 'yan shekaru a tono ta a raba, a kai wa maƙwabci, shi kuma ya karɓa da hannu biyu har da godiya.

Ka gwada kai irin wannan kyautar ga manomin fadama da ya wuni a duƙe yana cire aya-aya daga shinkafarsa. Sai dai ka fara duba ko fartanya na kusa da hannunsa.