Kilo Biyar da Haƙori Ɗaya

Sikelin likitar garinmu ne ya fara tona mini asiri. Inna na kai a duba mata gwiwa, ina tsaye ina kaɗa makullin babur, sai majo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mushe, hau mu gani." Na hau. Allurar sikeli ta kama hanya kamar mai zuwa Ɗan Isa, sai da ta kai 94 ta tsaya tana rawa. Na ce takalmi ne. Na tuɓe takalmi, na cire hula, na ajiye makulli. Allura ta ce ita ba ta san zancen ba.

Majo ya auna tsawona, mita 1 da santi 70, ya juya bayan wata tsohuwar ordinans ya raba nauyin da tsawon, ya sake rabawa da tsawon, ya samu 32 da ɗoriya. Ya ce daga 25 jiki ya fara yawa, daga 30 kuwa ƙiba ta zama ciwo. Ya ɗaura mini abin awon tansiyo, ya matsa, sannan ya yi shirun nan na mutanen asibiti wanda gara a zage ka da shi.

Inna na kan benci tana sauraro. Ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kama sunana ba, amma ranar ta kama faɗa a kaina. "Ɗan nan," ta ce wa majo, "ka san abin da kake faɗi kuwa? Yaron da na goya a shekarar yunwar El-Buhari, 1984, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga zaure? Shekara nawa ina roƙon Allah ya yi jiki, yau ya yi, ka ce cuta ce?" A garinmu Safo tumbi shaidar rufin asiri ce. Wanda ya rame, sai an tambaya ko bashi ne, ko matarsa ce. Majo bai ja da ita ba. Ni ya ja gefe ya ce in rage sukari, in riƙa motsa jiki, ko da minti 150 ne a mako. Zancen motsa jikin ya shiga kunnena. Na sukarin ya bi iska.

Na sayo wandon ƴan ƙwallo a gwanjon Maraɗi. Ranar Asabar, ana sallame asuba, na fito da gudu na nufi fadamar Gulbi.

Wanda bai zauna a yankin Madarunfa ba a shekarun nan ba zai gane girman wautata ba. Iyaka na nan kusa, labarin ɓarayin shanu da masu ɗaukar mutane ba ya yankewa, kowa da kunne ɗaya yake barci. A irin wannan ƙasa, magidanci mai tumbi, malamin lakwal, ya fito da duku-duku yana gudu yana haki, ai ba a tsayawa tambaya. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Wata mata da ta fito ɗiban ruwa ta yar da bokiti ta kwarma ihu. Mai shayin bakin hanya ya bar tukunya kan wuta. Kafin in kai ƙarshen layinmu, mutum ya fi ashirin suna gudu, har da awaki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk sun wuce ni. Wani tsoho da ya yi zamani da Kantu, gwanin kokowar Maraɗi da ya ɗauki takobin farko a 1975, ya gifta ni riƙe da buta, ko haki ba ya yi. Da na iso bakin fadama, na ƙarshe, na tarar da su sun taru ƙarƙashin mangwaro, wasu da sanduna.

"Mushe, su nawa ne?"

Sai da na yi minti biyu dafe da gwiwa kafin numfashi ya dawo. Na ce, "Motsa jiki nake yi."

Ba zan maimaita abin da aka faɗa mini ba. Da hantsi mai gari ya aiko kirana. Ya ce, "Malam, ilimi abu ne mai kyau. Amma duk ranar da za ka sake, a sanar a masallaci tun da dare."

Sai na koma ɗaka. Wani ɗalibina ya tura mini bidiyo a salula: wani ƙaton Bature, ciki kamar allon wanki, yana tsalle yana tafa hannu sama. Na kulle ƙofa, na naɗe tabarma, na shiga bin sa. Ɗakin ƙasa ne, duk tsalle ɗaya sai azara ta zubo mini da ƙura. Uwargida ta leƙo ta taga, ta ga maigidanta yana dira yana nishi, ido ya yi ja, yana ƙirge da Faransanci. Ba ta ce uffan ba, ta nufi sashen Inna. Can sai hayaƙin turare ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ina jin Inna tana cewa dama akwai abin a dangin ubansa, kakarsa ma sai da aka yi mata girka.

Da aka gama wannan shari'a, na ce to, bari in koma ɗaga nauyi, shi ba ya da hayaniya. Na cika jarka mai lita 25, ina ɗagawa ina saukewa a tsakar gida. Uwargida na bakin turmi, ta tsaya da daka tana kallona.

"Malam, wannan jarkar ita ce nake ɗaukowa daga famfo sau huɗu kullum. In nauyi kake nema, ka riƙa zuwa da ita can, ka dawo da ita cike. Ko ga taɓarya."

Ban sami amsa ba. A duk gidan ni kaɗai ne ke zuwa ko'ina a kan babur, ni kaɗai ne kuma nake neman gajiya a cikin salula. Na karɓi taɓaryar don in nuna mata abin ba wuya. Luguden farko gero ya watse, kaji suka yi biki. Ana cikin haka maƙwabciya ta shigo aron rariya. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa an shanye mushe.

Duk da haka ban fasa ba, wata guda cur. Sai dai na ɗauki wata al'ada: duk ranar da na yi gumi, sai in saka wa kaina. Da yamma in je fada, a dafa shayi, na farko, na biyu, na uku, kowanne sukari har cokali ya kusa tsayawa da kansa. Da dare fura da sukari. Tsakani kuma rake, tunda lokacinsa ne, kuma rake ai ice ne, wa ya taɓa ƙiba da ice? Da wata ya cika na koma kan sikeli da ƙarfin gwiwa. 95.

A daren ne na kai wa wani gaɓan rake cizo saboda haushi, na ji ƙas a matauni na hagu.

Na yi zazzaɓin cizon sauro ba adadi, kunama ta harbe ni sau biyu, na taɓa faɗowa daga amalanke. Duk wasan yara ne. Ciwon haƙori da rana yana da kunya, yana jira sai ka kwanta, jini ya taru a kai, sannan ya ɗauko ganga. Na zauna, na tashi, na dafa bango, na yafe wa mutanen da ba su ma nemi gafara ba.

Gari na wayewa na gano cewa kowa a Safo likitan haƙori ne. Inna ta ba ni kanumfari in danne, kuma gaskiya ya kashe zafin na ɗan lokaci, don man da ke cikinsa yana sa wuri ya mutu. Sai dai bai toshe kogon ba. Mai kanti ya ce in daka aspirin in cusa, na cusa, dasashi ya ƙone ya yi fari, ciwo ya zama biyu. Wani ɗan kabu-kabu ya rantse da ruwan batir. Wannan kam ko a cikin azaba hankalina bai kai can ba.

Ranar kasuwa aka kai ni wurin mai cire tsutsa. Ya ce daga kasuwar Jibiya ta Lahadi yake, kuma har ƴan sanda yana yi wa aiki. Ya zuba wasu ƙananan iri a kan garwashi, ya kifa mazurari, ya ce in buɗe baki hayaƙi ya shiga. Can ya ɗaga, sai ga wasu fararen abubuwa sirara suna yawo a ruwan ƙwarya. Ya ƙirga bakwai. Jama'a suka yi salati. Ya ce kowace tsutsa dala ɗari. Na biya jika uku da rabi, ina murna ba su kai ashirin ba. Zafin hayaƙin ya sa na ji dama-dama har la'asar. Da dare mai ganga ya dawo, da alama ya zo da ƴan amshi.

Saura wanzami. Baba wanzami shi ya yi mini aski ranar suna, shi ya yi mini kaciya, ba ni da bakin raina shi. Ya buɗe zabira ya fito da awartaki, ya goge a gefen riga. Na dubi awartakin. Na tabbata na taɓa ganin irinsa a hannun mai facin taya. Na ce, "Baba, ba a kashe wurin tukuna?" Ya ce, "Ɗana, wanda na yi wa kaciya bai yi kuka ba?" Na ce na yi. Ya ce, "To ka ga ai ba ka mutu ba." Ya kira samari biyu su riƙe ni. A nan ne motsa jikin wata guda ya yi ranarsa. Wannan karon ba wanda ya wuce ni.

Kwana goma sha ɗaya ina fama, kunci ya kumbura kamar na ɓoye goro, ba abin da ke wucewa sai kunu, kafin na yarda na hau kabu-kabu zuwa Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Majo ya ba ni abin da zan duba kafin in buɗe wa kowa baki: a ga tukunyar da ake turara kayan aiki, a ga allura sabuwa an yage ledarta a gabana, don ciwon hanta ta jini yake bi, kuma duk wanda bai tambayi tansiyona ba kafin ya yi allura, in ɗauki hulata. Wuri na farko da na shiga, wani shago ne mai zanen ƙaton haƙori a bango, mai shi ya fara da tambayar ko ina son na Makka. Na ɗauki hulata.

Wuri na biyu, likitar mace ce, ba za ta girmi ƙanwata ba. Ta auna tansiyo, ta leƙa da ɗan madubi, ta ƙwanƙwasa haƙorin, na ambaci sunan Allah da ƙarfi. Na ce mata an riga an cire tsutsa bakwai. Ba ta yi dariya ba, sai dai na ga abin rufe bakinta yana motsi. Ta ce abin da na gani a ƙwarya tsiron irin ne, zafi ke fasa shi ya fito fari kamar tsutsa. Ta ce kada in ji kunya, tun zamanin Babila ake wannan zance, kuma wani likitan Faransa, Pierre Fauchard, ya ƙaryata shi a littafinsa tun 1728, amma har yau yana cin kasuwa. Abin da ke akwai ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani: su ci sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya ci bawon haƙori a hankali har ya isa jijiya. Rake bai fasa haƙorina ba, bango ya tarar a tsage.

"Malam, cokali nawa na sukari kake sha a yini?"

Na fara lissafi da yatsu: shayin safe, shayin fada sau uku, fura, lemun kwalba in an yi zafi. Da yatsun hannu suka ƙare na sake zagayowa, sai ta ce ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya, in ji ta, ta ce babba kada ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Ni na sha 12 kafin azahar. Ta ce da na zo tun kogon yana ƙarami, ciko kawai za a yi. Yanzu sai magani na kwana biyar kumburi ya sauka, sannan a cire.

Ranar cirewa na yi wa uwargida wasiyya, na gaya mata inda takardar gona take. Allura ɗaya aka yi, leɓe ya yi nauyi kamar na raƙumi. Ina nan na runtse ido, na ƙanƙame kujera, ina jiran a fara, sai na ji ƙarar abu a cikin tasa. Na tambaya da karkataccen baki yaushe za a soma. Ta nuna mini shi, baƙi, da rami a tsakiya. Cikin 32 saura 31. Kuɗin da na biya bai kai abin da na kashe tsakanin mai tsutsa, mai kanti da wandon gwanjo ba.

Bayan mako guda na koma likita wajen majo. Sikeli ya nuna 89. Majo ya tafa, ya juya wajen masu jiran layi ya ce, "Ku dubi mushe! Kilo biyar daga inda ya fara. Wannan shi ne amfanin motsa jiki." Na buɗe baki in gyara zancen, sai na ga mutanen da na kora fadama da asuba suna kallona da girmamawa a karon farko. Na rufe bakina. Inna kuwa kwana uku ba ta amsa gaisuwar uwargida ba, wai ta bar mata ɗa da yunwa.

Da magariba ina zaure, ina kurɓar shayi mai cokali ɗaya ina ɓata fuska, sai ga Kawu ya yi sallama. Shi tumbinsa ya yi biyun nawa, sai ya juya gefe yake shiga ƙofarmu. Ya zauna, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi lakwal. Sannan ya leƙa waje ya ga ba kowa, ya matso, ya rage murya.

"Ɗana, ni ba zan iya gudun nan ba. Wane haƙori ne aka cire maka, na sama ko na ƙasa?"