Ladabi a Cikin Motar Haya

Motar da ta taso daga tashar Unguwa Uku a Kano da hantsi, in ta iso Zuba da la'asar tana sauke mutane, akwai abin kallo a yadda suke fitowa. Dattijo zai sauko ya karkaɗe babbar riga, ya gyara zaman hula, ya kama ciniki da mai tasi da ƙarfinsa. Uwar yara za ta sauko tana ƙirga ƙunshin kayanta da murya garau. Na ƙarshen fitowa shi ne saurayi ɗan shekara 22, ƙafa ɗaya ta mutu, wuya ya sanƙare, a gaban rigarsa tabon gwaiduwar ƙwan da ba shi ya ci ba. Hanya ɗaya suka biyo, kilomita 375, ramuka ɗaya suka faɗa, rana ɗaya ta gasa su. Da a ce hanya ce kaɗai ke gajiyar da matafiyi, da mai ƙuruciya da lafiyar gwiwa shi zai fi kowa sauka da sauran kuzari. Tunda ba haka ake gani ba, dole akwai wani kaya da matashin ya ɗauko wanda ba a sa shi a but ba, kuma a ganina kayan nan ladabi ne.

Ladabin da ake koya wa ɗan Bahaushe an gina shi ne a kan tazara. Ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka gaida babba, ka amsa abin da aka tambaye ka a taƙaice, ka tashi ka ba da wuri. Ginin gidan gargajiya ma haka ya tsara mutane: dattawa a zaure ko kan dakali, samari a ɗakinsu na ƙofar gida, mata a ciki. Kowace gaisuwa tana da ƙofar fita, shi ya sa ba ta da nauyi. Motar haya kuwa ta toshe ƙofar. Motar Sharon da masu ƙera ta suka yi wa kujerun mutum 7 har da direba, a tashoshi da yawa fasinja 9 take ɗauka, biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya. Sai ga yaron da aka hana ya haɗa ido da sa'an babansa an haɗa masa cinya da shi na tsawon awa shida ko bakwai. Ladabin da aka auna don minti uku shi zai riƙe yini guda, kuma kowane irin fasinja akwai kason da yake gutsura daga jikinsa.

Ɗan kamasho shi ke fara gutsura. «Abuja, saura mutum ɗaya!» Matashi ya leƙa ya ga mota da mutane, ya biya, ya zaɓi gefen taga, sai ya ga uku daga cikin fasinjojin sun zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ashe zaman cika ido aka sa su. Babban mutum in aka yi masa haka zai ɗaga murya ya ce a ba shi kuɗinsa. Matashi zai zauna yana tsara jimlar da zai faɗa, yana gyara mata farko da ƙarshe, har mota ta cika bai faɗe ta ba. Tagar ma ba za ta zauna a hannunsa ba, don ana gab da tashi za a ce, «Samari, ɗan koma tsakiya mana, Baba ba ya iya lanƙwasa ƙafa.» Baban nan shi ne Alhaji Mai Faɗi. Kuɗin kujera ɗaya ya biya, amma gwiwarsa ta hagu tana da nata ra'ayin, babbar rigarsa kuma fasinja ce mai zaman kanta. Ba ya faɗa, ba ya tsawa. «Ɗan gyara, yaro,» shi ke nan, sai yaro ya tattare ya zauna da rabin mazauni. Kafin a kai Kwanar Ɗangora Alhaji ya yi barci, kansa ya sami masauki a kafaɗar yaron, shi kuwa yaron yana numfashi a hankali kada ya tashi babba.

A ɗaya gefen akwai Hajiya Ungo Ƙanenka. Ita 'ya'ya uku ta zo da su a kan tikiti ɗaya, kuma tun daga bakin mota idonta ke neman cinyar da ba ta da aiki. Ba ta tambaya, miƙowa take yi, kuma kalmar «ƙanenka» ta riga ta ɗaure mutum, don wa zai ce ba zai riƙe ƙanensa ba a gaban jama'a? Ƙanen sai an saya masa dafaffen ƙwai ta taga. Zai ɓare shi a kan wandon yayansa na yau, ya dangwali yaji, ya goge hannu a hannun riga, ya huda ledar ruwa da haƙori ta inda za ta fi fesowa. Wajen Zariya yayan zai ji wani ɗumi yana bin cinyarsa, ɗumin da ba na inji ba. Hajiya za ta yi dariya ta ce, «Kai, ka ga har ya saba da kai!» Abin da ya rage wa matashi shi ne ya ce ba komai, kuma sai ya haɗa da murmushi, don ba komai da ɗaurarriyar fuska rashin kunya ce.

Wanda ya fi duka cin rai shi ne Malam Mai Binciken Asali, don su waɗancan jiki suke ci, shi ƙwaƙwalwa yake ci. Yakan fara da sauƙi: daga ina, sai ina? Daga nan wace unguwa, wane layi, ɗan gidan wa, mahaifin yana nan da rai, me yake yi, kai me kake karantawa, to shi wannan karatun in an gama wane aiki ake yi da shi? Matashi na amsawa da kalma ɗai-ɗai da fatan magana ta mutu, bai san gajeruwar amsa ita ke buɗe wa Malam sabuwar tambaya ba. Kafin Jaji an gano cewa kishiyar goggon yaron ta taɓa zama maƙwabciyar surukan Malam, saboda haka yanzu shi kawu ne, kuma kawu yana da ikon tambayar me ake jira ba a yi aure ba. In matashin na sanye da kakin bautar ƙasa, shirin da tun 1973 yake tura masu digiri jihohin da ba nasu ba, to ya zama dukiyar gwamnati, kowa na da haƙƙin tambayarsa nawa ne alawus. Budurwa ita nata ya ninka, don bayan Malam akwai ƙanensa Mai Neman Lamba, wanda zai bari sai an wuce Kaduna ya miƙo waya ya ce, «Ƙanwata, ɗan sa min lambarki, saboda zumunci.» In ta ƙi, za su ci gaba da zama kafaɗa da kafaɗa har Zuba. In ta ba shi ta ƙarya, nan take zai kira don ya tabbatar.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai masanin tattalin arziki da ya san duk abin da ya faru tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wanda kowace magana sai ya nemi shaida: «Ko ba haka ba, ɗan makaranta?» Akwai mai waya da ke rantse wa wani cewa ga su nan sun shigo Kaduna alhali ko Tashar Yari ba a kai ba, yana ƙyafta wa matashi ido, ya sa shi cikin ƙaryar ba tare da shawara ba. Akwai mai aron caja, wanda ya san ɗan zamani ba ya rabo da abin cajin waya. Akwai mai sayayya da ke tsayar da direba a duk inda ya hango tumatir ko doya, kuma wurin ajiyarsa ƙarƙashin ƙafar wanda ba zai yi magana ba. Sai mai tayi, mutumin kirki, da zai buɗe takardar tsire ya ce bismillah har sau uku. Uwar matashin ta gargaɗe shi kada ya ci abin hannun wanda bai sani ba a hanya, ita ce kuma ta koya masa cewa ƙin tayin babba girman kai ne, sai ya ɗauki tsoka ɗaya ya riƙe ta a hannu kilomita goma yana tunanin wace uwar zai bi. Shi kansa matashin iri ne a cikin jerin: mai toshe kunne da abin sauraro wanda ba komai ke fita daga cikinsa ba, mai ƙin shan ruwa tun asuba don kada ya zama shi ne zai ce a tsaya a kama ruwa, wanda in matsuwar ta zo duk da haka zai yi ta addu'a Allah ya matsi wani dattijo.

Za a ce wannan duk ƙarin gishiri ne, hanyar ce ba ta da kyau. Gaskiya ne hanyar Abuja zuwa Kano ta sha shekaru cikin gyara tun 2018, ana karkatar da motoci hannu ɗaya, ga tireloli ga shingayen bincike. Amma wannan wahala ta kowa ce, ba ta bayyana dalilin da ya sa aka shiga tare aka fito daban ba. A duba kuma jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016 tsakanin Idu da Rigasa, kilomita 186. Abin da matasa ke yabawa a cikinsa, bayan sanyi, shi ne lambar kujera a jikin tikiti, wato takarda ce ke yi musu maganar da bakinsu ba zai iya ba. Kuma ko a can, da zarar wani ya dafa kafaɗar yaro ya ce, «Ɗana, ni da iyalina ne, ko za ka koma wancan taragon?» takardar ta tashi aiki. Ba rami ko ɗaya a kan dogo, amma fuskar yaron a lokacin irin ta ɗan tsakiyar Sharon ce sak.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: ai tarbiyya ke nan, kuma Alhaji Mai Faɗi ma ya yi nasa zaman tsakiyar a zamaninsa. Abin kamar adashi ne, kowa na zubi yana yaro ya kwasa yana babba. Akwai gaskiya a nan da ba za a ture ba. In mota ta lalace a daji, Hajiya ce za ta kwance ƙunshi ta raba wa kowa abinci, ta fara da wanda ya riƙe mata ɗa. In aka tsare yaro a shinge ana juya katin shaidarsa, Alhaji ne zai sauko da babbar rigar nan ya ce ɗana ne, tare muke. Malam Mai Binciken Asali ma kan iya zama silar samun masauki a garin da ba a san kowa ba. Sai dai duk wannan bai rage nauyin zubin ba, ya dai nuna dalilin da ya sa ba a iya ƙin zubawa. Kuma kwasar ba ta zuwa sai mutum ya yi furfura, ga shi tafiye-tafiyen dole, na makaranta da jarrabawa da sansanin bautar ƙasa da neman aiki, duk a kan shekarun zubin suka taru.

Masu cewa yaran yanzu ne waya ta hana su iya zama da mutane, su ma sun kama wutsiya sun bar kai. Kafin waya akwai jaridar da ake buɗewa a rufe fuska, akwai barcin ƙarya, akwai kallon taga kamar an ba mutum aikin ƙirga itatuwa. Kunya ta girmi waya nesa ba kusa ba, a al'ummar da uwa kan kasa ambatar sunan ɗanta na fari. Yaron da ke kallon allon waya a tsakanin dattawa biyu sunkuyar da kan da aka koya masa yake yi, ya dai sami inda zai ajiye idon. In aka ƙwace wayar ba hira zai yi ba, takalminsa zai koma kallo.

Saukar ma ba hutu ba ce, don gidan da ya nufa na kawu ne ko na gwaggo. Zai durƙusa da ƙafar da ta mutu ya gaida kowa bi da bi, a tambaye shi gajiya ya ce babu, a tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Za a ajiye masa tuwon da ya ishi mutum uku, in ya cinye a ce an bar shi da yunwa a hanya a ƙaro, in ya rage a ce bai saki jiki ba. Ranar komawa kuma iri na ƙarshe zai bayyana, wato Mai Saƙo, wanda bai taɓa shiga motar ba amma ya fi kowa cika ta. «Tunda Kano za ka, ɗan wannan ne kawai, ba nauyi.» Ɗan wannan ɗin jarkar manja ce mai yoyo a murfi, za a kai ta Kurna gidan wata mata da ba a san lambar wayarta ba, amma an ce duk wanda ya tambaya a bakin masallaci za a nuna masa.