Riƙon Tuta a Amurka

Ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu, doka ta yarje masa aikin awa 20 a mako, shi ma sai a cikin makaranta. Ko da na isa wata ƙaramar jami'a a tsakiyar ƙasar, an riga an wawashe aikin laburare da na kicin. Abin da ya rage shi ne riƙon tutar ƙungiyar ƙwallo. Matar ofis ta ce duk sanda yaranmu suka ci, in sunkuci tuta in zagaya fili da gudu. Na ce mata ni fa ba gwanin gudu ba ne, sau nawa ake zagayawa a rana? Ta dubi silin, ta ce in kwantar da hankalina.

Ƙwallon nasu irin wadda ake runguma ce. Mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, kowa da hular kwano, ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa yadi 10. In ta kai ƙarshen fili maki 6, in ta doka tsakanin sanduna maki 3. Minti 60 ne a agogo, amma sai an share awa uku ana tsayawa ana shawara. Yaranmu sun fi ƙwarewa a shawarar. Su haɗa kai su yi ƙus-ƙus, su tafa, su jeru, sai a bi ta kansu. A dama ta huɗu kuma su doka ƙwallon sama su mayar wa masu ita cikin ladabi.

Satumba ta wuce, Oktoba ta bi ta, ni da tuta muna tsaye kowace Asabar kamar masu jiran mota ranar da ba mai. Na kira gida. Hajiya ta ce, "An ci kuwa?" Na ce, "An dai ci mu, Hajiya." Ta ce, "To kai wace lamba kake bugawa?" Na ce tuta nake riƙewa. Ta yi shiru, can ta ce, "Duk kuɗin jirgin nan?" Yaya ya karɓe wayar, ya ce shi dama tun ina yaro ya san farar ƙafa gare ni, in yi wa bayin Allah rai in koma kicin.

Wanda ya wanke ni shi ne tsohon da ke kula da ciyawar fili. Ya ce, "Yaro, mu ai ƙananan alhaki ne." Jami'ar Northwestern ta sha kashi sau 34 a jere daga 1979 zuwa 1982, kuma ranar da ta kafa tarihin a 1981, ɗalibanta suka tumɓuke sandunan fili suna ihun su ne suka fi kowa lalacewa, suka nufi tafkin Michigan da su. Columbia ta yi 44. Prairie View ta jihar Texas ta yi 80 cur, daga 1989 har 1998, kafin ta samu ta doke Langston 14 da 12. Ya ɗora da Cumberland, wadda Georgia Tech ta yi wa 222 da nema a 1916. Abin da ya ba ni mamaki, da sha'awa yake lissafin, har da girgiza kai. Baƙin cikinsa ɗaya, ko a faɗuwar ma ba mu yi suna ba.

Wasan ƙarshe ya faɗo ƙarshen Nuwamba, dusar ƙanƙara na zuba, masu busa da kiɗa sun fi ’yan kallo yawa. Ana saura minti biyu, wani siririn yaronmu ya cafe ƙwallo, da alama shi ma bai zata ba, ya ruga har ƙarshen fili. Fili ya ɗauki ihu. Na ce yau ranata ce. Ƙafafuna sun daskare, amma na ɗaga tuta na cilla. Iska ta cika ta, ta karɓe ragamar tafiya, ta ja ni ta gaban benci, ta gaban kocin da ke ta ɗaga mini hannu, ni kuma ina mayar masa da gaisuwa. Ashe tun tuni alƙali ya jefa ƙyallensa ruwan ɗorawa, wani namu ya riƙe rigar wani, an soke cin. Ni kaɗai nake biki a gaban jama'a, har santsi ya kwashe ni na zube kan mai babbar ganga, tuta ta lulluɓe mu duka biyu.

Ranar Litinin jaridar ɗalibai ta buga hotona a shafin farko, ƙafa a sama. A ƙasa aka rubuta cewa a duk kakar bana babu ɗan ƙungiyar da ya yi gudu mai tsawon nawa.